Ajin Ƙwayar Halitta a Agege: Yadda Aikin ke Tafiya

Lahadi, 12 ga Janairu, 2025

Yau aka fara. Aikin shi ne a rubuta babi biyu na farkon darasin bayoloji da Hausa, wato sinadaran da ke jikin mai rai da tsarin ƙwayar halitta, ɗan ƙaramin tubalin da aka gina jikin mai rai da shi, a gwada kowane darasi a kan yaran unguwarmu masu shirin WAEC da JAMB. Abin da ya shiga kai a bar shi, wanda bai shiga ba a sake masa fasali, in Allah ya yarda a ƙarshe a buga ɗan littafi. Yaran ba su kai ashirin ba. Wasu haihuwar Legas ne, bakinsu ya fi saurin Yarbanci, wasu kuma ba su daɗe da zuwa daga Sakkwato ko Gusau ba. Akwai mai taya mahaifinsa sayar da kayan gwari a Mile 12, akwai masu aiki a mayankar Oko-Oba, akwai 'yan mata masu koyon ɗinki. Wani dattijo ya ba mu ɗakin bayan shagonsa da benci da allo, Allah ya saka masa da alheri. Ni sana'ata gwajin jini ce a lab, don haka Asabar da Lahadi kawai nake da su.

Darasin farko lissafi ne. In aka auna jikin mutum, kimanin kashi 65 cikin ɗari oksijin ne, kashi 18 kabon, kashi 10 haidirojin, kashi 3 naitirojin. Waɗannan huɗun sun cinye kusan kashi 96. Ragowar su ne kalsiyam da fosforos na ƙashi da haƙori, da gishiri, da ɗan ƙarfen jini wanda duka-duka bai wuce giram 4 ba a jikin babban mutum. Wani daga bencin baya ya ce, "Malam, kabon ɗin nan ba shi ne gawayi ba?" Na ce shi ne. Aka fashe da dariya, amma nan nake so su tsaya su yi tunani: babu sinadari ko ɗaya a jikinmu da babu shi a ƙasa ko ruwa ko iska.

Masanan Turai sun daɗe suna ganin cewa abin da jikin mai rai ke haɗawa ba ya haɗuwa a kwalba. A 1828 wani Bajamushe, Friedrich Wöhler, ya haɗa yuriya a ɗakin gwaji. Yuriya ita ce abin da hanta ke yi da rarar naitirojin, ƙoda ta tace ta, ta fita a fitsari. Ita ce kuma farin takin zamanin da ake zuba wa masara. Masana'antar takin Dangote da ke Lekki, wadda aka buɗe a 2022, an gina ta ne don ta fitar da tan miliyan 3 a shekara. 'Ya'yan manoman cikinsu sun san buhun, sun san da 46 a jikinsa, yau suka ji cewa kason naitirojin ke nan.

To in kayan haɗin ɗaya ne, ina bambancin mutum da dutse? Amsar da nake so littafin ya gina a hankali ita ce bambancin na cikin tsari: me aka haɗa da me, kuma me aka killace daga me.

Asabar, 18 ga Janairu

Ruwa. Wajen kashi 60 na nauyin babban mutum ruwa ne. Ƙwayar ruwa ɗaya ta ƙunshi oksijin ɗaya da haidirojin biyu, sai dai oksijin na janye elektron zuwa gefensa, gefen nan ya ɗan zama negatib, gefen haidirojin ya ɗan zama fozitib. Ba wanda bai san kan batir ba a cikinsu, don haka wannan bai ba da wahala ba. Saboda cajin nan ne ƙwayoyin ruwa ke manne wa juna, shi ya sa ruwa ke narkar da gishiri da sukari, ya ƙi mai, kuma sai ya sha zafi sosai kafin ya zama tururi.

Ina cikin bayanin yadda gumi ke kwashe zafin jiki idan ya bushe, wata yarinya ta ce, "Shi ya sa ke nan zafin Legas ya fi na Kano cin rai. Iskar nan a jiƙe take, gumin ba ya bushewa." Haka zan sa shi a littafin, yadda ta faɗa.

Na zuba man ja da ruwa a gora, na girgiza, na ajiye a kan taga. Kafin a tashi sun rabu, mai a sama. Na ce su riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sai zobo. Na jiƙa shi ba sukari, na raba a kofuna. Wanda aka matsa wa lemon tsami ya ƙara ja, wanda aka zuba wa ruwan kanwa ya koma duhu mai ratsin kore. Launin zobo na canzawa da tsamin abin da ya haɗu da shi, kuma ma'aunin tsamin nan shi ake rubutawa pH. Na ruwan da ke narkar da abinci a cikin mutum wajen 2 yake, tsami ƙwarai. Na jini kuwa tsakanin 7.35 da 7.45 yake tsayawa, in ya kauce sosai mutum sai asibiti.

Lahadi, 26 ga Janairu

An samu aron maikiroskob daga wani abokin aiki, tsoho ne, mai madubi a ƙasa maimakon fitila. Ya fi mana, tunda wutar unguwar ba ta da tabbas. Tocilan waya ya wadatar. Na tambayi wa ya taɓa leƙa irinsa. Kusan kowa ya zana shi a makaranta, ya rubuta sunayen sassansa, ya ci maki. Wanda ya sa ido a ciki, babu.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Ɗan Mile 12 ya kawo albasa, ya ce 'yar Aliero ce, kada mu raina ta. Aka fasa, aka ɓalle gaɓa ɗaya, aka sa farce aka ɗaye siririn tantanin nan na ciki mai kama da leda. A shimfiɗa shi a gilashi cikin ɗigon ruwa, a ɗiga aidin, a sauke murfin gilashi a karkace don kada iska ta maƙale. Ta maƙale duk da haka. Na farkon da ya leƙa ya ga baƙaƙen zobba manya-manya, ya yi kabbara wai ya ga ƙwayar halitta. Kumfar iska ce. Na ce ya matsa gefe, ya juya ƙaramin maɓallin sannu-sannu. Ya yi shiru, can ya ce, "Malam, wallahi a jere suke."

A jere suke kuwa: dogaye, kowace da bangonta, kowace da ɗan ɗigo mai ruwan ɗorawa a manne a gefe. Ɗigon nan ne cibiyar ƙwayar. An ture ta gefe ne saboda tsakiyar ƙwayar shuka wata babbar jakar ruwa ce ta cike ta. Babu kore ko kaɗan, domin kan albasa a ƙasa yake, ba ya ganin rana, ba ya buƙatar kuloroplas, koren sashen da ke haɗa abinci da hasken rana. Ganyenta ne ke da shi.

Nan na kawo abin da na fi so a duk darasin albasa. Albasa guda ba ta sa hawaye sai an yanka ta. Dalili shi ne akwai wani enzayim, wato furotin mai hanzarta sarrafa sinadarai, a killace cikin jakar ruwan nan, akwai kuma wani sinadari mai ƙunshe da farar wuta a wajen jakar. Muddin ƙwayar na lafiya ba sa haɗuwa. Wuƙa na ratsawa sai su gauraya, su haifi iskar da ke yaji a ido. Kayan duka suna nan tun farko, shingen ne ya hana.

Tarihi kaɗan na ba su. Robert Hooke na Ingila ya ga irin waɗannan bangaye a ɓawon itace a 1665, amma na matattun ƙwayoyi ne, ciki fayau. Wanda ya fara ganin masu motsi shi ne Antonie van Leeuwenhoek, ɗan kasuwar yadi a garin Delft na ƙasar Holan, wanda ke haɗa gilasansa da hannunsa. A shekarun 1670 ya ga ƙananan halittu a ruwan tafki, daga baya ya gan su a dattin haƙoransa. Masu ɗinki sun ji daɗin cewa mai sayar da yadi ne. Sai a 1838 da 1839 Schleiden da Schwann suka ce duk shuka da dabba da ƙwayoyi aka gina su, a 1855 kuma Rudolf Virchow ya yayata cewa kowace ƙwaya daga wata ƙwayar take fitowa.

Kafin magariba kowa ya kankari cikin kumatunsa da tsinken sakace, muka ɗiga shuɗin rini. Namu ba bango, ba jeri, wasu faffaɗan abubuwa ne a warwatse, amma cibiyar na nan a tsakiya.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Yau jan ɓawon albasa muka ɗauka, don launinsa na cikin jakar ruwa. Aka gan shi cike taf da ja har bango. Na ɗiga ruwan gishiri mai kauri a gefen murfin, na zuƙe ta ɗaya gefen da takarda. Cikin 'yan mintuna jan ya tsuke ya koma tsakiya, ya bar fili tsakaninsa da bango. Da aka maido ruwa zalla ya sake buɗewa. Layi aka yi ana leƙawa, har dattijon mai shago ya shigo ya ce, "Malam, a ba ni in gani ni ma." Na ce, "Bismillah, Baba."

Abin da ya janye daga bango shi ne tantanin ƙwaya, kuma shi ne ainihin iyakar mai rai. Bangon rariya ne kawai, komai na wucewa. Tantanin na barin ruwa ya ratsa amma yana tare gishiri, sai ruwa ya bi gefen da gishiri ya fi yawa. Abin da ke faruwa ke nan da ƙwayoyin cutar da suka sauka a kan kifin da aka yi wa gishiri ko naman da aka shanya: ruwansu ke tsiyayewa.

Da me aka yi tantanin? Na ɗauko gorar man ja. Akwai wani irin mai da kansa ke son ruwa, jelarsa biyu ke gudun ruwa. In aka zuba shi a ruwa, da kansa yake jeruwa layi biyu, jela na fuskantar jela a ciki, kai na fuskantar ruwa ta kowane gefe. Ba wanda ya jera su, ƙiyayyar mai da ruwa ce ta yi aikin. A 1925 wasu masana biyu a Holan, Gorter da Grendel, suka tatsi man da ke jikin jajayen ƙwayoyin jini, suka shimfiɗa shi a kan ruwa, suka ga faɗinsa ya ninka na ƙwayoyin sau biyu, suka ce ashe layi biyu ne. Kaurinsa kuwa, sai an jera sama da 10,000 kafin a kai kaurin takardar rubutu. A cikinsa akwai furotin iri-iri da aka dasa, su ne ƙofofi. Na ce musu su ɗauke shi kamar zauren gida: baƙo ba ya faɗawa cikin gida sai ya yi sallama an san ko wane ne.

Ɗaya daga cikin ƙofofin nan ta ceci rayuka ba adadi. A hanji akwai wadda ba ta shigar da gishiri sai tare da gulukos, wani nau'in sukari, in sun shiga kuma ruwa ya bi su. Sirrin ruwan gishiri da sukari ke nan: lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kowa a ajin ya tuna kwalarar da ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024. Sabulu ma ta nan yake cin galaba, yana tarwatsa man da ke lulluɓe da ƙwayoyin cuta da dama.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Aidin a kan gari, shinkafa, doya da burodi: duk sun koma baƙi-baƙi mai shuɗi. A kan auduga kuwa bai yi haka ba. Alhali sitacin da ke cikin gari da selulos ɗin da ke cikin auduga duk sarƙar gulukos ce zalla. Bambancin kawai yadda aka ɗaura kowane gulukos da na gabansa. Yawun bakinmu na da enzayim mai kwance ɗaurin sitaci, shi ya sa burodi ke ɗan yin zaƙi in an daɗe ana taunawa. Ɗaurin selulos kuwa ba mu da makwancinsa.

Saniya ma ba ta da shi. Nan na yi shiru na bar 'yan mayanka suka yi darasin, don sun fi ni sanin cikin saniya nesa ba kusa ba: kashi huɗu ne, babban shi ne tumbi, ɗumi gare shi da wari in an farka. Abin da ban da shi a hannu suna da shi, abin da ba su gani da ido na ƙara musu: tumbin cike yake da bakteriya da wasu ƙananan halittu, su ke narkar da ciyawa, saniya ta ci moriyar abin da suka fitar.

Da yake a Agege muke, ba zai yiwu a tsallake burodi ba. Yis halitta ce mai ƙwaya ɗaya, da cibiyarta. Muka zuba shi a ruwan ɗumi da sukari a kwalba, muka ɗaura balan-balan a baki. Kafin la'asar ta kumbura. Iskar kabon dayogzayid ce, ita ke tayar da ƙullun. A 1897 Eduard Buchner ya niƙe yis har ƙwayoyin suka fashe, ya tace ruwan, ruwan ya ci gaba da sarrafa sukari. Ke nan enzayim na aikinsa ko ƙwayar ta mutu.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Hanta ɗanya daga mayanka, da ruwan wanke ciwon nan da ake kira haidirojin (hydrogen peroxide) daga kemis. Aka jefa gutsure a kofi, kan ka ce kwabo kumfa ta taso har ta zubo. Aka jefa dafaffiya a wani kofin, ko motsi. Enzayim ɗin da ke hanta furotin ne, furotin kuma sarƙa ce ta amino asid iri 20 da ke naɗewa ta ɗauki wata siffa ta musamman. Aikinsa a siffarsa yake. Wuta ta warware naɗin, sarƙar na nan amma aiki ya tafi. Haka farin ƙwai ke daskarewa a tukunya ba ya komawa.

Daga nan muka shiga sikila, kuma ajin ya canza. Na zo da gilasai biyu na jini da aka riga aka shirya aka rufe, don ba na yarda a huda kowa a ɗakin nan. A na farko jajayen ƙwayoyi zagayayyu, tsakiyarsu a loɓe, ba su da cibiya. A na biyu wasu sun lanƙwashe sun yi siffar lauje.

Hemogulobin, furotin mai ɗaukar oksijin, sarƙa huɗu ne. Biyu daga ciki kowace na da amino asid 146. A mai sikila guda ɗaya tak ya canza, na shida a layi: inda ya kamata a samu gulutamik asid, mai son ruwa, sai aka samu balin, mai gudun ruwa. Na nuna musu gorar man ja a karo na ƙarshe. Idan oksijin ya yi ƙasa, wuraren nan masu gudun ruwa sai su nemi juna su manne, hemogulobin ya zama dogayen sanduna a cikin ƙwayar, ya lanƙwasa ta. Ta maƙale a ƙananan jijiyoyi, ciwon ƙashi ya tashi. Lafiyayyar ƙwaya na yin wajen kwana 120, wannan kuwa 10 zuwa 20 take yi ta fashe, shi ya sa jini ke ƙaranci, ido ke yin rawaya. Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna a 1949 cewa matsalar a furotin ɗin take, Vernon Ingram ya gano ainihin gurbin a tsakiyar shekarun 1950.

Wata daga cikin 'yan matan ta ce ƙanenta na da shi, kuma a gida an daɗe ana cewa iska ce. Ba wanda ya yi dariya. Ta tambaya, "Malam, in AS ya auri AS, ba ɗa ɗaya cikin huɗu ne kawai zai samu ba?" AS shi ne wanda ya gaji sikila ta gefe ɗaya kawai, SS kuwa ta wajen uwa da uba, shi ne mai ciwon. Wannan fahimtar tata ta yaɗu ƙwarai kuma tana da haɗari. Kowane ciki lissafinsa daban, kowanne na da kashi 25 cikin ɗari na zama SS. Ana iya haifar huɗu ba ko ɗaya, ana iya haifar uku a jere duk da shi. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a nan AS ne. Ya yawaita ne domin mai AS ya fi jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Na gaya musu akwai cibiyar sikila ta ƙasa a Idi-Araba daura da asibitin koyarwa na LUTH, kuma Kano ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024. A ganina wannan shafin kaɗai ya isa dalilin buga littafin.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya kama, aji ya ragu, mun koma safiya. Na bar jadawali na bi abin da ke jikin kowa. Bayan sahur hanta na tara gulukos a sarƙa, wajen giram 100, tana sakinsa kaɗan-kaɗan cikin yini. In ya yi ƙasa jiki ya ƙara juyawa kan kitse. Ƙwaƙwalwa kusan kashi 2 ce ta nauyin jiki amma tana cin wajen kashi 20 na makamashinsa, shi ya sa karatu ke nauyi bayan la'asar, dabino kuma ke saurin dawo da mutum.

Inda ake ƙarasa ƙona abincin a cikin ƙwaya shi ne mitokondiriya, a can ake amfani da oksijin ɗin da muke shaƙa a haɗa sinadarin makamashi mai suna ATP, wanda duk wani aiki na ƙwaya da shi ake biya. Tantaninta biyu ne, tana da nata DNA daban, wato sinadarin da ke ɗauke da umarnin gado, tana rabuwa da kanta. A 1967 Lynn Margulis ta kafa hujjar cewa asalinta bakteriya ce da ta zauna cikin wata ƙwayar, kuma yau masana sun karɓi wannan. Ta wajen uwa kaɗai ake gadonta. 'Yan matan sun ce lallai a rubuta wannan da manyan baƙi.

Asabar, 22 ga Maris

Ba aji, rubutu nake. Ina da ƙorafi a kan zanen ƙwaya da ke littattafan makaranta: da'ira mai fili, an watsa 'yan abubuwa nan da can, kibiya da suna. Yaro ya haddace suna bai san alaƙar wannan da wancan ba. Ƙwaya ta gaskiya a cunkushe take. Na yanke shawarar bin abu ɗaya daga farko har ƙarshe, na zaɓi insulin tunda kowa na da mai ciwon sukari a dangi. Umarnin haɗa shi na cikin DNA a cibiya. A kwafi umarnin, kwafin ya fita zuwa ribosom, maƙerar furotin, ribosom ya jera amino asid yana tura sarƙar cikin wasu naɗaɗɗun tantanai. Daga can ta wuce sashen da Camillo Golgi ya gano a 1898, a gyara ta a ɗaure a 'yan jakunkuna. Jakunkunan su jira. Sukari na hawa a jini, su haɗe da tantanin waje su juye. A hanya ɗaya an ratsa sassa biyar, kowanne an ga amfaninsa. Laisosom zan ƙara a gefe, jakar da ke riƙe da enzayim masu narkarwa cikin tsami, a killace daga sauran ƙwayar.

Lahadi, 6 ga Afrilu

An dawo daga Sallah. Ayaba nunanniya a leda, a murje ta da ɗan gishiri da ruwa da sabulun wanke-wanke, a tace da ƙyalle. Sai a karkata kofi a zuba sifirit mai sanyi a hankali ta gefe, ya kwanta a sama. A inda ruwan biyu suka haɗu wani farin zare mai yauƙi ya fara tasowa, aka naɗo shi da tsinke. Na tambaya me sabulun ya yi, kusan baki ɗaya suka ce ya fasa tantani. Na gaya musu ba DNA zalla ba ne, akwai tarkacen furotin a jiki, amma shi ne.

Friedrich Miescher ya fara ware shi a 1869 a Jamus, daga mugunyar da ke jikin bandejin asibiti. Siffarsa ta igiya biyu a murɗe sai a 1953 Watson da Crick suka bayyana ta, da taimakon hoton da aka ɗauka a ɗakin gwajin Rosalind Franklin. A kusan kowace ƙwayarmu mai cibiya akwai wajen mita 2 nasa, a naɗe cikin kuromosom 46.

Wani yaro mai yawan shiru ya ce, "Malam, to rai fa, a wane sashe yake?" Na ce na'urar nan tsari take nunawa da yadda yake aiki, tambayarsa ta fi ƙarfinta, ya kai ta wajen malaminsa na islamiyya.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Kindirmo a gilashi, da shuɗin rini, a ƙarƙashin idon na'urar da ya fi ƙarfi. Da ƙyar ake ganinsu, 'yan sanduna da ɗige-ɗige, in an kwatanta da ƙwayar kumatu ba su kai komai ba. Su ke mai da sukarin madara tsami har ta kama. Bakteriya ba ta da cibiya, ba ta da mitokondiriya, DNA ɗinta a sake yake. Tana da bango irin nata, ribosom ɗinta ma ba irin namu ba ne. A kan wannan bambancin magani ke aiki: fenisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a 1928, bangon yake hana ginawa, mu kuwa ba mu da shi. Kafson nan ja da yalo, wato tetirasaikilin, ribosom ɗinta yake toshewa. Mura kuwa bairas ke kawo ta, shi ba ƙwayar halitta ba ne, ba bango ba ribosom, don haka mai sayen kafso a bakin tasha saboda mura kuɗinsa ya zubar, ya kuma koya wa bakteriyar jikinsa jure magani.

Inda aka kwana: babin sinadarai ya kammala, na tsarin ƙwaya saura zane. Ina neman mai hannu cikin yaran ya zana daga abin da ya gani a na'ura, ba daga littafi ba. JAMB ta matso, don haka makonni masu zuwa tsofaffin tambayoyi za mu yi ta bi da Turanci, tunda da shi za a tambaye su. Rabuwar ƙwaya sai bayan jarrabawa. Za a buƙaci albasa mai sabuwar saiwa, da wani rinin da ba a samu a kemis, sai na sa cigiya wajen masu sayar da kayan lab. Mai maikiroskob ya ce mu riƙe shi zuwa ƙarshen Yuni.